Kuɗin Cizo a Kujerun Maman Lawali

Maman Lawali, wanda aka fi kira Lawali, tela ne a unguwar Bagalam, cikin Maraɗi. Shagonsa ƙarami ne, keken ɗinki biyu da teburin yanka, amma hannunsa na da kyau, musamman wajen fitar da wuyan riga. Matarsa Zalihatu 'yar Tsibiri ce, suna da ɗiya guda, Khaulat, wadda ba ta daɗe da shiga shekara ta huɗu ba. Mutum ne mai sauƙin kai. Sai ku yi cacar baki da shi da safe, da rana ya kira ka ku sha fura. Abu ɗaya ne ba ya iya haɗiyewa, shi ne sunan Idirisa.

Idirisa ne ya fara neman Zalihatu tun tana budurwa a Tsibiri. Maganar ba ta je ko'ina ba, don ya tafi Agadas neman abin kansa ya daɗe bai waiwayo ba, Lawali kuwa ya fito ya aura. Ba wanda ya ƙwace wa wani. Sai dai Idirisa ya dawo Maraɗi daga baya, ya buɗe kanti kusa da babbar kasuwa yana sayar da iri da taki da maganin ƙwari, yana kuma yin feshi a gidajen mutane. Allah ya buɗa masa. Ya yi aure, ya gina gida a unguwar Zariya, ya sayi farar mota. Duk ranar da motar nan ta gifta ta gaban shago, Lawali yakan ji ƙafarsa ta ƙara danna keke har zare ya tsinke.

Wata rana a farkon bazara matar Idirisa, Salima, ta haihu. Ita ma 'yar Tsibiri ce, gidan iyayenta na kallon na su Zalihatu, don haka da mata suka haɗu za su je barka, ba yadda za a yi Zalihatu ta zauna. Lawali bai hana ba. Ya dai ce ta dawo kafin la'asar.

Da yamma tana tankaɗen gari, tana ba shi labarin waɗanda ta gani, sai ta ce, "Baban Khaulat, da ka ga kujerun falonsu. Kana zama sai ka ji ka nutse, kamar an rungume ka."

"Kin zauna ke nan," in ji shi.

"To a tsaye zan yi barka?"

"Shi yana nan?"

"Wa?"

"Kin san wanda nake nufi."

Ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗenta. "Ban gan shi ba. Gidan cike yake da mata."

Maganar kujerun nan ta kwana da shi, ta tashi da shi, ta bi shi shago. Kamar an rungume ka. A nasu falon tabarma ce da kafet tsohuwa da kujerun roba biyu. Bai taɓa jin sun yi masa kaɗan ba sai a makon nan.

Akwai wani dillali a hanyar tasha mai sayar da tsofaffin kayan ɗaki. A wurinsa Lawali ya ga kujeru uku masu lulluɓin karan-miski ja, manya, hannuwansu kamar cinyar raƙumi. Ya zauna a ɗaya, ya ji ya nutse. Bai duba ƙarƙashi ba, bai tambayi daga ina suka fito ba. Kafin azahar amalanke ya sauke su a ƙofar gida.

Zalihatu ta tsaya riƙe da ludayi tana kallon yadda ake kokawar shigar da su. "Ina za mu sa waɗannan? Ko hanyar wucewa ba za ta rage ba."

"Zauna ki ji," in ji shi.

Ta zauna. Ta yi murmushi, don ta ga yana jiran murmushin. "Suna da laushi. Allah ya sa albarka."

"Su da na can, wane ya fi?"

"Na can ba nawa ba ne," ta ce, ta tashi ta koma madafa.

Khaulat ce ta fi kowa murna. A kansu take tsalle, a kansu take cin abinci, a kansu barcin rana yake ɗauke ta. Ita ce kuma ta fara wayar gari da ƙuraje a hannu da wuya. Suka ce sauro ne, aka gyara gidan sauro, aka ɗinke inda ya yage. Ƙurajen suka ƙaru. Zalihatu ma ta fara susa, sannan Lawali. Suka ce ko zafi ne ya fito musu, suka sayo hoda a farmasi. Maƙwabciya ta ce ƙazwa ce, ta kawo sabulun salo. Duk ba abin da ya canza. Kullum da safe sai a ga sababbin wurare sun yi ja, sun tasa, yarinya tana susa har ta ji wa kanta ciwo. Zalihatu ta fara ganin ɗigon jini ƙanana a zanen gado, ta ɗauka daga susar ne.

Inna Atika, mahaifiyar Zalihatu, ita ta gano abin. Ta zo daga Tsibiri ranar Juma'a da ƙullin daddawa da kuka. Aka zaunar da ita a babbar kujera, Lawali yana tsaye daga bakin ƙofa yana jiran ta yaba. Ta ɗora Khaulat a cinya, ta kama hannunta tana juyawa.

"Mi ya samu yarinyar ga?"

"Sauro ne, Inna," in ji Lawali.

"Sauro ba ya cizo a jere. Dubi nan, uku a layi ɗaya, kamar an ɗinka." Ta shinshina iska, ta sunkuya ta shinshina hannun kujerar. Sai ta sauke yarinyar, ta miƙe, ta ɗaga matashin da ta zauna a kai, ta sa yatsa ta buɗe bakin ɗinki.

Suna nan a jere cikin lungun, jajaye-jajaye, faffaɗa, kowane bai wuce ƙwayar kankana ƙarama ba. Da haske ya taɓa su suka watse suna neman wurin ɓuya. Gefen ɗinkin duk ɗigo-ɗigo baƙi kamar an yayyafa tawada, ga wasu farare ƙanana manne da yadin, ga ɓawon da suka saɓe. Inna ta murƙushe ɗaya da farce, jini ya fito, wani wari mai hawa kai ya tashi.

"Kuɗin cizo," in ji ta. "Fararen nan ƙwai ne, baƙin kuma kashinsu. Zalihatu, je ki ɗaga katifarku."

Aka ɗaga katifa. Suna can su ma, a bakin ɗinki, da ramukan ƙusoshin gado, da tsagar bango ta bayan gadon. Zalihatu ta zauna a ƙasa ta dafe kai. Ita mace ce mai tsabta, tana share ɗakinta sau biyu a yini, ga shi uwarta ta zo ta iske wannan.

"Ba ƙazanta ke kawo shi ba," in ji Inna, ganin fuskarta. "Ɗauko shi ake yi. A kaya yake zuwa." Ba ta dubi kujerun ba, ba ta dubi surukinta ba, amma kowa ya san inda maganar ta sauka. Ta wanke hannu, ta gyara lulluɓi, sannan ta ƙara da cewa, "Ku kira Idirisa mana. Ai sana'arsa ce. Gidan liman na Tsibiri shi ya yi musu, har yau ba su sake gani ba."

Lawali ya sunkuyar da kai ya ce, "Za a duba, Inna."

Bayan ta tafi ya ce wa Zalihatu, "Ba wanda zai shigo mini ɗaki. Ni zan yi maganinsu."

"To ka fitar da kujerun."

"Kujerun ba inda za su."

Washegari bai buɗe shago ba. Suka fitar da komai tsakar gida. Zalihatu ta dafa ruwa a babbar tukunya, Lawali yana kwarara shi a gaɓoɓin gado da ƙafafun kujeru. Aka baza katifa a rana, aka wanke zannuwa da ruwan zafi. Ya ɗauko dutsen gugarsa na shago ya bi bakin katifa da shi, yana jin suna fashewa ƙarƙashin ƙarfen. Maƙwabta suna leƙe ta katanga, ya ce musu shara ce kawai ta shekara. Da yamma aka mayar da kaya, kowa ya gaji, suka yi barci mai daɗi.

Kwana kaɗan aka samu. Sai ga layin ƙuraje a bayan Khaulat. Ruwan zafi ya kashe na fili, amma cikin kujerun akwai soso da katako da buhu, inda ruwa bai kai ba. Ya sake gwadawa da kananzir, gidan ya yi kwanaki yana wari, tuwo ma sai ka ji kamar da shi aka tuƙa. Suka lafa, suka dawo. Wata safiya a shago yana shimfiɗa farar shaddar wani alhaji, sai ya ga ɗaya ya fito daga hannun rigarsa yana tafiya a kan yadin. Ya danne shi da yatsa kafin wani ya gani, ya bar tabon jini a shaddar mutane. Sai da ya san yadda ya yi ya karkata yankan, tabon ya faɗa cikin abin da za a zubar.

"Baban Khaulat," in ji Zalihatu a ranar, "yarinyar nan ba ta barci. Ni ma ba na yi. In ba ka son shi, ka nemo wani mai feshin."

"Na ce miki ba na son shi? Mi ya haɗa ni da shi?"

"To ka kira shi."

"Kin matsu ki gan shi ke nan."

Ta ɗauki ɗiyarta ta fita tsakar gida, ta zauna tana shafa mata man kaɗanya a inda ta sosa.

Akwai wasu masu feshin a Maraɗi, Lawali ya sani. Amma a ransa gani yake duk wanda ya kira, labari zai kai kantin Idirisa, tunda a can suke sayen magani. Yana ganin Idirisa zaune bayan kanta ana ba shi labari, yana murmushi, yana cewa a zuci, ga inda ta ƙare. Wannan murmushin da bai taɓa gani ba ya fi cizon hana shi sukuni.

Sai ya hau babur ya nufi Jiratawa, wurin wansa Zakariya'u, wanda ke noman rani a fadamar gulbi. Ya iske shi cikin zogale da tumatir, da tulun feshi a bayansa. Bayan sun gaisa Lawali ya faɗi abin da ya kawo shi.

Zakariya'u ya girgiza kai. "Wanga na gona ne. Ni da nake fesa shi a fili, sai na ɗaure hanci, in na gama in yi wanka. Ba a kai shi ɗaki."

"Kaɗan zan sa, Yaya. In rufe ɗakin, in buɗe ya sha iska."

"Da yarinya a gidan? Ka tahi wurin masu aikin. Ga Idirisa nan, ni ma wurinsa nake sayen iri."

"Ko'ina na juya Idirisa," in ji Lawali. "Shi kaɗai ne namiji a ƙasar nan?"

Wansa ya dube shi da mamaki, bai gane abin da ya kawo wannan ba. Aka kira shi daga wancan gefen gonar, ruwa ya ɓalle a wani kwari. Kafin ya dawo, Lawali ya tsiyayi maganin a wata 'yar gora, ya cusa a aljihu, ya yi sallama daga nesa.

Da safe ya ce wa Zalihatu ya samo magani mai kyau, ta fitar da abinci da kwanoni. Ya zuba a ruwa da ka, ba awo, ya yayyafa a kujeru da katifa da bango har suka jiƙe, ya rufe ƙofa da taga. Idonsa na yaji, kansa na sarawa, amma ya ji daɗi. Ya ce ta buɗe in an yi azahar, ya tafi shago.

Ta buɗe kamar yadda ya ce. Warin ya ragu, ko kuma hancinta ne ya saba. Rana ta yi zafi ƙwarai, inuwar tsakar gida ta ƙare, Khaulat tana ta rigimar barci. Zalihatu tana wanke-wanke, ba ta ga lokacin da yarinyar ta shige falo ta haye kujerar da ta saba ba.

La'asar ta kusa sai ga kiran waya. Muryar Zalihatu ba ta fita sosai. "Ka zo likita. Khaulat ce."

Ya iske su a asibitin, a ɗakin yara. Maƙwabcinsu mai kabu-kabu ne ya kawo su. Khaulat na kwance, an sa mata ƙarin ruwa, yawu na zuba daga bakinta, ta yi amai har ta gaji, jikinta sharkaf da gumi. Wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi sunan abin da ya fesa. Bai sani ba. Sai da ya kira Zakariya'u ya karanto masa daga jikin galan, kuma bai bari wan nasa ya ƙarasa abin da ya fara faɗa ba ya kashe wayar. Matar ta rubuta, ta dube shi sau ɗaya. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Allah ya taƙaita. An kawo ta da wuri, allurai suka yi aiki, washegari ta buɗe ido ta nemi koko. Da aka sallame su Zalihatu ta goya ta, ta tsaya a bakin ƙofar likita.

"Tsibiri za mu," ta ce. "Ba yaji na yi ba. Amma ɗiyata ba za ta sake kwana a ɗakin can ba sai an gyara shi. Ka kira wanda ka ga dama."

Ya kai su tasha da kansa. Ya dawo gida ya zauna a tsakar gida yana kallon ƙofar falo. Da ya shiga ɗauko tabarma, ya ɗaga matashin kujera don ya ga aikin da maganin ya yi. Wasu sun mutu. Wasu kuwa suna nan suna yawo.

Da hantsi ya tafi kantin Idirisa. A hanya ya shirya maganganu iri-iri, yadda zai amsa in an yi masa dariya, yadda zai juya ya fita in an ambaci sunan matarsa. Ya iske manoma cike da kantin. Idirisa na tsaye bayan kanta, dogo, baƙi, da furfura kaɗan a gemu. Yana ganinsa ya miƙo hannu biyu.

"Maman Lawali. Marhaba. Na ji abin da ya samu yarinya, ya jikin nata?"

Ashe labarin ya riga shi zuwa. "Da sauƙi," in ji Lawali.

"Allah ya ƙara sauƙi. Ba kai ne na farko ba, wallahi. Mutane na ganin magani duk magani ne." Ya ja shi gefe, ya rage murya don kada manoman su ji, ya tambayi ɗaki nawa ne, tun yaushe aka fara gani, mi da mi aka gwada. Ba dariya, ba habaici. Lawali ya tsaya yana laluben wani abu a fuskarsa da zai riƙe ya ƙi shi da shi, bai samu ba. Wannan ya ƙara ƙona masa rai.

"Sai an shirya gidan kafin in zo," in ji Idirisa. "Duk wani tufafi da zane a wanke da ruwa mai zafi, a shanya, a ɗaure a leda. Abin da ba ya wankuwa a sa a baƙar leda a bar shi cikin rana yini guda. Katifar da ka jiƙa da wancan maganin kuwa, kada a sake kwanciya a kanta. Aikin da yawa, mutum ɗaya ba zai iya ba."

Dole Zalihatu ta dawo. Ta bar Khaulat wurin Inna, suka yi yini biyu suna wanki da guga, ba mai yi wa wani doguwar magana.

Ranar da Idirisa ya zo, farar motar ta tsaya a ƙofar gida, yaran unguwa suka kewaye ta. Ya yi sallama. Zalihatu na bakin murhu da hijabi har ƙasa.

"Sannu da gida, Maman Khaulat. Ya mai jiki?"

"Ta ji sauƙi. Ina Salima da jariri?"

"Suna lafiya."

Shi ke nan abin da suka ce wa juna. Lawali ya auna kowace kalma, ya juya ta, bai samu komai a ciki ba. Duk da haka idonsa na kan fuskarta, yana son ya ga ko za ta bi bayan mutumin da kallo. Ita kuwa wuta take hurawa.

Suka shiga ciki su biyu. Idirisa ya kunna fitilar hannu, ya durƙusa gaban gadonsu, ya kwance shi gaɓa-gaɓa. Gadon da aka kawo Zalihatu da shi ne daga Tsibiri. Lawali na tsaye yana kallon hannun wani namiji yana shafa katakon, yana leƙa inda kanta ke kwanciya, yana matsar da akwatinta, yana cire madubinta daga bango ya duba bayansa. Ya san aiki ne. Ya san shi ya kira shi. Amma sai da ya kawar da kansa gefe.

"Ka ga nan," in ji Idirisa, yana haska bayan wani hoto. "Har nan sun hau. Tsagar bangon nan kuma, in na gama ka sa a toshe da siminti. Gadon kada ya sake jingina da bango."

Da suka fito falo ya tsaya gaban kujerun, ya kifar da ɗaya, ya yage buhun da ke ƙasanta. Lawali ya ja da baya. Cikin katakon baƙi ƙirin yake da su.

"Na san kujerun nan," in ji Idirisa a hankali. "Na wani masauki ne. An kira ni can bara, na ce su ƙona su. Ashe sayarwa suka yi." Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Ɗakin zan iya. Waɗannan kam, ko na fesa, ƙarya zan yi maka."

Lawali ya so ya ce a bar su. Ya so ya ce ai kai kana da naka. Sai ya hango Zalihatu ta taga, ta daina hura wutar, tana jiran abin da zai ce.

"A fitar," ya ce.

Aka naɗe su da leda don kada su zubar da ƙwari a hanya, amalanke ya kai su bayan gari. Lawali da kansa ya ƙyasta ashana. Karan-miskin ya kama da sauri, hayaƙi baƙi ya tashi. Ya tsaya har sai da ya ga ƙarafan ciki sun fito.

Idirisa ya sa takunkumi da safar hannu ya yi feshinsa, a lungu da tsaga kawai, ba a kan abin kwanciya ba. Ya ce kada kowa ya shiga sai gobe, a buɗe tagogi, a goge ƙasa. Ya ce zai dawo bayan mako biyu, don maganin ba ya kashe ƙwai, sai sun ƙyanƙyashe a sake bi. Lawali ya biya shi nan take tun bai tambaya ba, don kada ma a fara zancen alfarma.

Da motar ta tafi suka zauna a tabarma a tsakar gida, kayansu jibge a leda kewaye da su. Lawali ya yi ta juya maganar a bakinsa, ya san bai kamata ba, amma ta fi ƙarfinsa.

"Da kika gan shi, mi kika ji?"

Zalihatu ba ta ɗaga murya ba. "Baban Khaulat, wannan tambayar ce ta kwantar da ɗiyata a likita. Na zaɓe ka ina da hankalina, ba wanda ya tilasta ni. In shekarun nan ba su ba ka amsa ba, bakina ba zai ba ka ba. Kada ka sake yi mini ita."

Bai sake ba. Idirisa ya dawo ya yi feshi na biyu, aka toshe bango, aka sayi sabuwar katifa. Khaulat ta dawo gida, tabon hannunta ya bushe ya baje. Zalihatu ta daɗe tana ɗaga bakin katifa kowace safiya tana dubawa, har ta gaji ta bari. Lawali ya je Jiratawa ya ba wansa haƙuri, ya sha faɗan da ya guje wa a waya.

Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, farar motar ta tsaya a gaban shago maimakon ta wuce. Idirisa ya shigo da shadda ruwan toka a hannu.

"An ce ba wanda ya kai ka iya wuya a garin nan," in ji shi. "In da wuri, ka taimaka mini."

Lawali na da ɗinki jibge har rufi. Yana iya cewa ba wuri, ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya ɗauko ma'auni. Ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya zagaya cikinsa da ma'aunin, ya ga ashe mutumin ya ajiye tumbi, ya ji wani ɗan sanyi a ransa.

Da farko ya yi niyyar ya yi masa ɗinkin kowa da kowa. Amma da ya shimfiɗa yadin sai ya tuna a Tsibiri za a sa rigar nan, gaban Inna, gaban duk waɗanda suka san tsohon labarin. Za a tambayi wa ya ɗinka. Ya ture aikin mutane gefe. Ya zana wuyan sau uku kafin ya yarda da shi, ya farke wani gefen da ba mai ganin aibinsa sai shi, ya sake. Tun da ya fara riƙe almakashi bai taɓa fitar da riga irin wannan ba.

Ranar Sallah da yamma suka je Tsibiri gaida Inna. Suna fitowa za su hau babur, sai ga Idirisa a ƙofar gidan surukansa, cikin rigar, mutane sun kewaye shi, wani dattijo yana taɓa wuyan yana tambaya. Ya hango Lawali ya ɗaga masa hannu, ya nuna shi ga dattijon. Lawali ya ɗaga nasa.

Zalihatu ta hau baya, ta gyara wa Khaulat zama a tsakaninsu. Sun fara tafiya ta ce, "Rigar nan ta yi kyau."

"Rigar," in ji shi.

"Eh. Ta zauna masa sosai."

Lawali ya kama hanyar Maraɗi, yana kauce wa ramuka da raguna da yara masu sababbin kaya. Har suka shigo gari yana lissafin maganar, bai gane ko ɗinkin ta yaba ko mai rigar ba, kuma ya san ba shi da damar tambaya.